MASU GIDA A GIDAN ARO: FAƊUWAR KANO PILLARS DA WAHALAR NEMAN MAI HORARWA

Jawabin da aka gabatar a madadin Kwamitin Matasa da Wasanni a wajen taron shekara-shekara

 

Muna godiya ga shugabanni da suka ba wannan kwamiti dama ya yi magana a gaban manya. Mun san akwai daga cikin iyayenmu waɗanda za su ce a ransu, me ya kawo zancen tamaula wurin da ake batun ruwan sha da makaranta da asibiti? Tambayar tana bisa hanya, amsarta kuwa ita ce, ƙungiyar Kano Pillars mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce, kuma daga baitulmalin jiha ake biyan albashin 'yan wasanta da kuɗin motarta da masaukinta. Ashe ke nan dukiyarmu ce, mai kallon ƙwallo da wanda bai taɓa leƙa filin wasa ba duk suna da haƙƙi a cikinta. Bayan haka, mu da muke zaune a birane mun san cewa in an ce Kano a bakin matashin Inugu ko Ibadan, sau da yawa Pillars ce take fara zuwa masa a rai. Idan ta yi abin kirki, a kasuwa a taya mu murna. Idan magoya bayanta suka yi abin kunya, mu ne ake nunawa da baki a cikin motar haya.

Kafin mu shiga labarin kakar da ta faɗi, ya kamata mu tuna wa matasa irin tsayin bishiyar, don su gane ƙarar faɗuwarta. Kano ba baƙuwa ba ce a harkar ƙwallon ƙasar nan. Tun a 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ci kofin ƙasa, wanda daga baya ya shahara da sunan Kofin Ƙalubale, sannan a 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar rukuni na ɗaya. Ita Pillars an kafa ta ne a 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar ƙwararru ta ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana. A 2009 ta yi abin da har yau ake ba da labarinsa, wato ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an tashi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta shiga rukuni ɗaya da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta fito, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. Sai kuma shekaru uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kofin gasar ƙasa bai bar Kano ba. Biyun farko a hannun Mohammed Babaganaru, na uku a hannun Okey Emordi. A 2019 Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, ya kawo mata kofin ƙalubalen da ta daɗe tana nema, bayan ta doke Niger Tornadoes da bugun fenareti a Kaduna.

Amma abin da ya fi duk waɗannan kofuna sa wa abokan karawa tsoro shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Shekara 12 cur, daga 2003 zuwa watan Agusta na 2015, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a gasar ƙasa, sai ranar da Nasarawa United ta karya wannan tarihi da ci 2-1. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ba a banza aka same shi ba. Muna roƙon jama'a su riƙe wannan batu na gida da kyau, domin a kansa ne duk labarin faɗuwar ya rataya.

A shekarar 2020, da annobar korona ta shigo, an mayar da filin Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan, rai ya fi wasa. Sai dai sakamakonsa shi ne Pillars ta tattara ta koma filin Ahmadu Bello na Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, ta riƙa karɓar baƙinta a can. Haka ta buga kakar 2020/2021, haka kuma ta shiga kakar 2021/2022, wadda aka fara a watan Disamba na 2021.

Ga wanda ya saba da kallon gasar Ingila a gidan kallo, wannan ba zai zama wani babban abu ba, domin a can ƙungiya takan je gidan wata ta ci wasa hankali kwance. A gasarmu ba haka abin yake ba. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, 19 a gida, 19 a waje, kuma huɗun ƙarshe su ne suke faɗawa rukuni na biyu. Cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, saboda doguwar tafiya a mota, da lalacewar hanya, da rashin kyawun wasu filaye, da kuma matsin da alƙalan wasa kan shiga a gaban 'yan kallon masu masauki. Don haka kowace ƙungiya da wasanninta na gida take rayuwa, kamar yadda manomi yake rayuwa da damina. Maki 57 ne a cikin waɗannan wasanni 19. Wanda ya kwashe mafi yawansu ya tsira ko da bai tsinana komai a waje ba, wanda kuwa ya riƙa zubar da su ya shiga uku, domin a wannan gasa sau da yawa ƙungiya takan haura maki 40 kuma duk da haka ta faɗi. Tsakanin mai neman tikitin Afirka da mai neman tsira, wani lokaci tazarar ba ta wuce cin wasa uku ko huɗu ba. To, ƙungiyar da aka gina ƙarfinta a kan ihun mutanen Fagge da Kurna da Gwammaja da Brigade, sai ga ta tana wasan gida a gaban kujeru da 'yan tsirarun masoya.

A wannan kaka an damƙa ragamar horarwa a hannun Salisu Yusuf. Babu mai musun saninsa. Shi ne ya kai tawagar 'yan wasan cikin gida ta Nijeriya wasan ƙarshe na gasarsu ta Afirka a Maroko a 2018. Amma a daidai wannan lokaci yana cikin masu horar da Super Eagles, har ya bi ta gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru a watan Janairu na 2022, alhali gasar gida tana gudana. Ba laifinsa muke gani ba, domin babu mai horarwar da ƙasarsa za ta kira ya ƙi amsawa. Tambayarmu ga waɗanda suka ɗauke shi ce: da suka san taura biyu ce a bakinsa, wane tanadi suka yi wa makonnin da ba ya nan?

Sai a watan Afrilu na 2022 aka ba Pillars izinin komawa gida. Abin da aka yi shekara biyu ana jira ke nan, kuma wasan ya faɗo da maƙwabta, Katsina United. Filin ya cika ya batse. Ana saura 'yan mintuna a tashi, babu wanda ya ci wani, sai wasu daga cikin 'yan kallo suka ɓarke da tarzoma, suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Kamfanin da yake gudanar da gasar a wancan lokaci, wato LMC, ya zabge wa Pillars maki 3, ya ci ta tarar Naira miliyan 9, ya kuma kore ta zuwa filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, wanda ya ninka Kaduna nisa. Jama'a, a duba wannan al'amari da idon basira. Annoba ce ta fitar da ƙungiyar daga gidanta karo na farko. Karo na biyu kuwa masoyanta ne suka fitar da ita da hannunsu, a ranar da ta dawo.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da wataƙila an lallaɓa an tsira. Amma a watan Yuni, a wasa da Dakkada ta Uyo, bayan baƙi sun farke ƙwallon da aka ci su, sai aka ga hoton bidiyon shugaban ƙungiyar na lokacin yana kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a bakin layi. Aka sake yanke hukuncin zabge maki. Wannan ya fi na farko ciwo, domin ɗan kallo yana iya fakewa da ƙuruciya ko zafin rai, amma wanda aka ɗora wa amanar ƙungiya ba shi da abin fakewa. Da aka rufe gasar a watan Yuli na 2022, Rivers United ce ta ɗauki kofi, Pillars kuwa ta faɗa rukuni na biyu, bayan kimanin shekara 20 tana cikin manya. Waɗanda suka raka ta su ne MFM ta Legas, da Katsina United ɗin nan da aka fasa wa mota, da kuma Heartland. Wato ƙungiyoyi biyun da suka tsaya wa Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009, su ne suka sauka tare bayan shekara 13.

Yanzu bari mu juya ga batun mai horarwa, wanda shi ne zancen da ya cika majalisu da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Kano a wancan lokaci, kuma yakan dawo duk sa'ad da aka yi rashin nasara biyu a jere. Kowa da gwaninsa. Wannan ya ce a kawo Bature, wancan ya ce sai ɗan gida wanda ya san halin ƙungiya, wani ya ce a nemo ɗan Kudu wanda ba shi da ɓangare a cikin rigingimun gari. Abin lura shi ne, duk ukun an gwada su. A ƙarshen 2020 an kawo Bafaranshe, Lionel Soccoia. Jaraaf ta Senegal ta fitar da Pillars tun a zagayen farko na gasar Afirka, shi kuma bai yi wata shida ba ya kama gabansa. Aka koma wa Ibrahim Musa. Aka kawo Salisu Yusuf. Bayan faɗuwa aka ɗauko Evans Ogenyi, wanda ya yi aikin da aka ɗauko shi dominsa, ya dawo da ƙungiyar rukunin ƙwararru a 2023 ta hanyar gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba. Duk da haka ba shi ya ja ta a sabuwar kaka ba, Abdu Maikaba aka ba, mutumin da ya ci wa Akwa United kofin ƙalubale a 2017. A 2024 sai ga Usman Abdallah, wanda ya ci wa Enyimba gasar ƙasa a 2019. A 2025 aka sake kiran Ogenyi, kuma kafin shekarar ta ƙare an dakatar da shi an waiwayi Babaganaru.

A ƙirga a gani. Cikin shekara biyar, daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2025, kujerar nan ta sauya mai zama aƙalla sau takwas. Kuma a cikin waɗannan mutane babu ɗan koyo ko ɗaya. Kusan kowanensu ya taɓa ɗaga kofi a wani wuri, wasu ma a Kano ɗin suka ɗaga shi. Idan gona ɗaya ta ƙi manoma takwas, kowane da shaidar rumbunsa a wata gonar, ai sai a tona ƙasar a duba.

A fahimtarmu, abin da ke cikin ƙasar nan bai ɓuya ba. Ƙungiyar da gwamnati take riƙe da ita, shugabanninta naɗa su ake yi, kuma wa'adinsu yana bin iskar siyasa. Duk sabon kwamitin da ya zo ya san kwanakinsa ƙididdigaggu ne, saboda haka abin da zai nuna a cikin wata uku yake nema, ba abin da zai nuna a shekara uku ba. Mafi saurin abin nunawa kuwa shi ne sabon mai horarwa, a kira 'yan jarida, a ɗaga riga, a ɗauki hoto. Shi kuma mai horarwar da aka ba kwantiragin kaka ɗaya, yana sane da cewa wasa huɗu marasa kyau sun isa su raba shi da aikinsa, ba zai yi kasadar sa yaro ɗan shekara 18 da ya fito daga gasar unguwanni ba. Zai nemo tsofaffin hannu da ya sani a wasu ƙungiyoyi, a biya su kuɗin sa hannu, su buga kaka guda. Idan ya tafi su watse, wanda ya gaje shi ya zo da nasa. Haka ake sayen sabuwar tawaga kusan kowace shekara da kuɗin jama'a, alhali filayen makarantu da na unguwanni a Kano da garuruwanmu cike suke da yara masu ƙafa. Kada mu manta Ahmed Musa yana ɗan shekara 17 ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da rigar Pillars, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar, daga nan ya wuce Holan. Wani ne ya yi ƙarfin halin sa shi a fili.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato wa yake zaɓen 'yan wasa? A tsarin da ya dace, mai horarwa ake fara ɗauka, shi ya faɗi irin wasan da yake so da irin mutanen da zai buƙata. A yawancin ƙungiyoyin gwamnati a ƙasar nan, ba Pillars kaɗai ba, sau da yawa yakan zo ne ya tarar an riga an cika rajista, ga ɗan wane, ga yaron wane, ga wanda wani dillali ya kawo. Ranar wasa kuma waya ba ta daina ƙara. Idan aka yi nasara, kowa ya ce da hannunsa a ciki. Idan aka sha kashi, a ce koci ya gaza.

Mu dubi waɗanda suka ci gaba a daidai shekarun da muke ta sauye-sauye. Rivers United ita ma ta gwamnati ce, amma Stanley Eguma ne ya riƙe ta tun kafuwarta a 2016, aka yi haƙuri da shi shekara shida kafin ya kawo kofi a 2022. Misalin da ya fi wannan jan hankali shi ne na Remo Stars, ƙungiyar wani ɗan kasuwa, Kunle Soname, a garin Ikenne na Jihar Ogun, garin da bai kai wata unguwa ta birnin Kano yawan jama'a ba. Ta gina filinta, ta kafa makarantar renon yara, ta hau rukunin ƙwararru a 2021. Ta ba Daniel Ogunmodede ragama a 2022. Ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024, babu wanda ya ce ya tattara kayansa, sai ga shi a 2025 ya ɗauki kofi. Da a wajenmu ne, muna shakkar ko zai ga kaka ta uku, domin da an ce ba shi da sa'ar kofi.

Ba muna cewa kada a taɓa sallamar mai horarwa ba ne. Akwai wanda 'yan wasa suka daina sauraronsa, akwai wanda aikin ya fi ƙarfinsa, irin wannan riƙe shi cutarwa ce. Abin da muke cewa shi ne, kafin a tambayi wa za a kawo, a fara tambayar me ake so ya yi, cikin shekara nawa, da wane kuɗi, kuma wa zai tsaya masa ranar da filin ya juya masa baya. Takardar shaidar horarwa ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka sharaɗi ce, amma duk waɗanda muka lissafa suna da takardu. Abin da ba su samu ba shi ne lokaci da ikon aikinsu.

A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, bayan ya dawo mata a matsayin ɗan wasa a 2024. Mutane da yawa sun yi murna, mu ma mun yi, domin mutum ne da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, kuma ƙaunarsa ga Kano ba ta buƙatar shaida. Sai dai akwai tambayar da girmansa bai kamata ya hana a yi ta ba. Naɗin ya same shi yana cikin masu buga wasa. Idan mutum ɗaya shi ne shugaban mai horarwa a ofis da safe, kuma shi ne ɗan wasansa a fili da yamma, yaya mai horarwar zai yi ranar da ya ga ya dace ya ajiye shi a benci? Ko da su biyun sun fahimci juna, tsarin da ya dogara ga kyawun halin mutum ɗaya bai gama zama tsari ba.

Abin baƙin ciki, watanni uku bayan wannan naɗi, tarihin 2022 ya maimaita kansa kusan kalma da kalma. A watan Oktoba na 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe a Ƙofar Mata, aka tashi 1-1, 'yan kallo suka afka fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta zabge maki 3 da ƙwallaye 3, ta ci tarar Naira miliyan 9 da rabi, ta rufe filin, ta tura Pillars ta riƙa wasan gida a Katsina. Ba a jima ba aka dakatar da mai horarwa. A nan ne muke so jama'a su ga inda lissafin ya karkace: waɗanda suka jawo asarar maki da gida sun koma unguwanninsu sun kwana lafiya, wanda ya rasa kujerarsa kuwa shi ne mutumin da yake tsaye a bakin layi da allo a hannu.

Kada 'yan'uwanmu na birane su ce wannan halin mutanen gida ne, mu ba ruwanmu. A watan Yuni na 2019, lokacin gasar ƙungiyoyi shida ta fitar da zakara, a filin wasa na Agege da ke Legas aka yi wasan Pillars da Rangers ta Inugu. Aka tashi 1-1, magoya baya suka kutsa fili suka bi alƙalin wasa da jifa, ana nunawa a talabijin ƙasa duka tana kallo, aka ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 8. Agege ba Ƙofar Mata ba ce. Cikin waɗanda suka cika filin ran nan akwai mazauna Legas, 'yan Arewa masu neman abinci a can, irin yaran da shugabannin reshenmu suka san iyayensu. Washegari kuwa, ɗan'uwanmu mai shago a Mile 12 da mai canji da mai sayar da shanu a Oko-Oba su ne suka sha gori. A garin da kake baƙo, kuma ake saurin yi wa kabila kuɗin goro da laifin mutum goma, irin wannan abu ba ƙaramar barazana ba ce ga zaman lafiyarmu da dukiyarmu.

Saboda haka kwamitinmu yana neman amincewar wannan taro a kan abin da yake cikin ikonmu. Muna roƙon kowane reshe, duk lokacin da jadawali ya nuna Pillars za ta zo garinsu ko kusa da shi, shugabanni su tara matasanmu tun kafin ranar, su haɗa kai da Sarkin Hausawan wurin, a naɗa dattawa biyu ko uku da za su shiga fili tare da yara su zauna a tsakiyarsu. Mun ga yadda zaman dattijo ɗaya yake kwantar da layi guda na matasa. A kuma sayi tikiti a shiga ta ƙofa. Wanda yake taƙama da ƙungiya amma kullum ta katanga yake shiga ko da alfarmar wani jami'i, ya sani yana cikin masu mayar da ita mabaraciya a ƙofar gwamnati. 'Yan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa, masu kashe kuɗi a tallar rediyo da allunan bakin titi, su tuna cewa rigar da dubban mutane suke kallo kowane mako ita ma allo ce.

Na biyu, muna neman izini mu rubuta takarda da sunan wannan ƙungiya zuwa ga hukumomin wasanni na jiha, mu kuma nemi sauran ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su sa hannu tare da mu. Abin da za mu nema a ciki bai da yawa. Duk mai horarwar da za a ɗauka nan gaba a ba shi kwantiragin da bai gaza shekara uku ba, a rubuta abin da ake bukata daga gare shi kowace shekara, a bar masa zaɓen 'yan wasansa, a kuma wajabta masa ɗaukar wani adadi na yara daga gasannin ƙananan hukumomi. A riƙa buga lissafin kuɗin shiga da na fita a ƙarshen kowace kaka, yadda mu ma muke buga namu a wannan mujalla. Sannan a sa kyamarori a filin Ƙofar Mata, domin wanda ya yi jifa a kama shi da sunansa, a hana shi shiga, a gurfanar da shi, maimakon mutum miliyoyi su biya bashin mutum hamsin. Batun sayar wa jama'a hannun jari a ƙungiyar, wanda wasu 'yan kwamitinmu suke goyon baya wasu kuma suke ganin lokacinsa bai yi ba, mun bar shi a buɗe, za mu so jin ra'ayin 'yan'uwanmu ma'aikatan banki da lauyoyi kafin mu sa shi a takarda.

Daftarin takardar yana hannun Sakatare. Muna roƙon shugabannin rassa su karɓi kofe kafin a watse, su karanta wa mambobinsu a taronsu na wata, su dawo mana da gyare-gyarensu cikin wata biyu, domin mu miƙa ta tun kafin a buɗe rajistar 'yan wasa ta kaka mai zuwa.